Suzanne Lenglen: ita ke cika fili da jama'a, wasu ke kwashe kuɗin ƙofa

Duk mai bibiyar gasar tanis ta Faransa, wadda ake yi a Roland Garros wajen ƙarshen watan Mayu, ya saba jin masu sharhi suna cewa wasa kaza a filin Suzanne Lenglen za a buga shi, kuma kofin da ake miƙa wa macen da ta cinye gasar ma sunan nan ne a jikinsa. Ni kam na daɗe ina ɗauka wata minista ce ko matar wani shugaban ƙasa, irin dai yadda ake raɗa wa gine-gine sunan manya. Ashe 'yar wasa ce, kuma abin da ya fi ɗaure min kai shi ne hukumar tanis ɗin Faransa da ta sa wa filin sunanta a 1997, ita ce dai ta tsige ta daga wasa a 1926, laifinta kuwa shi ne ta ce a biya ta ladan guminta. To yaya aka yi haka ta faru? Sai mun ɗan koma baya, don labarin yana da rassa, akwai uba, akwai tufafi, akwai rashin lafiya, amma a ganina duk bakinsu ɗaya, maganar kuɗi ce.

Kafin nan bari in ɗan yi wa wanda bai saba da wasan ba bayanin lissafi, don kar alƙaluman da za su zo su ruɗa shi. Ana tara maki ne a ci gem, lissafinsa 15, 30, 40, sai gem. Gem shida ke ba da set ɗaya, amma sai ka ba abokin karawarka ratar gem biyu, mata kuma wadda ta fara cin set biyu ita ta ci wasa. A zamanin da muke magana babu wannan gajeriyar hanyar raba gardama da ake yi yanzu in an yi shida da shida, haka za a yi ta bugawa har sai wani ya ba da ratar biyu, shi ya sa za ka ga irin su 10-8 ko 9-7.

An haifi Suzanne ranar 24 ga Mayu 1899 a Paris. Babanta Charles Lenglen mutum ne mai rufin asiri, ya gaji harkar kekunan doki masu ɗaukar fasinja ya sayar ya zauna yana cin abinsa, suna da gida a wani ƙauye Marest-sur-Matz kusa da Compiègne, in hunturu ya shigo kuma su sauka Nice a bakin tekun Bahar Rum inda masu kuɗin Turai ke zuwa shan hantsi. A 1910, tana shekara 11, ya saya mata raket don kawai ta samu abin wasa. Ba a jima ba ya ga yarinyar nan hannunta daban ne, shikenan fa, daga ranar mutumin nan ya samu aikin yi har ƙarshen rayuwarsa.

Shi ba wani gwanin ɗan wasa ba ne, amma yana da ido. Ya zauna ya lura da yadda mata ke buga tanis a lokacin, kowacce ta tsaya can ƙarshen fili tana ta mayar da ƙwallo a hankali ana jiran wadda za ta fara kuskure, sai ya ce a'a, 'yarsa irin wasan maza za ta yi, ta kai hari, ta matso gaban raga, ta kashe ƙwallo tun tana sama. Ya riƙa haɗa ta atisaye da maza. Ya sa ta tsallen igiya, ta koyi rawar bale don ƙafafunta su yi sauƙi. Abin da aka fi tunawa shi ne hankici, zai shimfiɗa hankici a wani lungu na fili ya ce ta saukar da ƙwallo a kansa, ta buga, ta sake, ta sake, in ta fara samu ya ɗauke ya kai wani lungun, haka za a wuni, in ta yi kuskure kuma ya balbale ta da faɗa a gaban mutane, uwarta Anaïs ma tana gefe tana nata. Wannan horon shi ya sa daga baya ake cewa ƙwallon Suzanne inda ta ga dama nan take sauka. Amma kuma shi ne ya bar ta da wata irin fargaba, yarinyar da ta tashi ta san fara'ar gidansu tana rataye da cin wasa, in ta faɗi kamar duniya ce ta tashi. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A 1914 ta kai wasan ƙarshe na gasar Faransa, Marguerite Broquedis ta doke ta. Makonni kaɗan bayan haka ta cinye gasar duniya ta filin jar ƙasa a Saint-Cloud, tana shekara 15 cif. Sai yaƙin duniya na ɗaya ya ɓarke a watan Agusta, aka rufe gasanni. Anthony Wilding ɗan New Zealand, zakaran Wimbledon, babbar gasar tanis ta Ingila, sau huɗu, wanda ya taɓa yin wasan haɗaka, wato mace da namiji a gefe ɗaya, da ita tana ƙarama, a fagen daga ya mutu a 1915. Ita kuwa tana Nice ana ta atisaye da wasannin tara taimako, shekara kusan biyar babu babbar gasa.

Sai 1919, Wimbledon. A nan ne duniya ta san ta, kuma wasan ya cancanci a tsaya a kansa.

A lokacin akwai wani tsari da yanzu babu shi, mai riƙe da kambu ba ta shiga gasa tun daga farko, zama take yi ta harɗe ƙafa sauran su yi ta fafatawa, wadda ta yi saura ita za ta zo ta ƙalubalance ta a wasa ɗaya tak, kamar dai sarkin dambe da sai an gama tankaɗe da rairaya sannan a fito masa da wanda ya isa. Mai kambun kuwa ita ce Dorothea Lambert Chambers, 'yar wani limamin coci, shekararta 40, ta ci Wimbledon sau bakwai tsakanin 1903 da 1914, matar da a 1911 ta yi wa Dora Boothby 6-0, 6-0 a wasan ƙarshe. Suzanne shekararta 20, kuma wannan ne karonta na farko a gasar filin ciyawa, ita da ta tashi a jar ƙasa, alhali a ciyawa ƙwallo sulɓewa take yi ba ta tashi sosai. Sarki George na biyar da Sarauniya Mary suna zaune suna kallo.

Tun kafin a buga ƙwallo ma kallo ya koma kan shiga. Dorothea ta fito yadda matan Ingila suka saba, doguwar siket har kusan idon sawu, riga mai dogon hannu an ɗaure wuya. A ƙarƙashin irin wannan shigar mata na ɗaura wata ɗamara mai ƙarfe ko ƙashi a jiki da ke matse ciki da haƙarƙari, da ita ake gudu ana tsalle, har wata 'yar wasan zamanin, Elizabeth Ryan, ta taɓa ba da labarin yadda ake shanya su a ɗakin canza kaya da tabon jini a jiki. Suzanne kuwa sai ga ta da riga guda mara nauyi, gajeren hannu, tsawonta iya ƙwauri, babu ɗamarar nan. A idon Turawan Ingila na 1919 wannan fitsara ce, wasu har tsaki suke yi. Ni ba alƙalancin sutura na zo yi ba, kowace al'umma da ma'auninta, abin da nake so a gane shi ne wasan da babanta ya koya mata, na tsalle da miƙewa da rugawa gaban raga, ba zai yiwu a cikin waccan ɗamarar ba ko da aljani ne ke buga shi.

Set na farko Suzanne ta ci 10-8. Na biyu tsohuwar zuma ta farfaɗo ta ci 6-4. Ana cikin haka yarinya ta fara galabaita, sai babanta ya cillo mata wata 'yar kwalba daga cikin 'yan kallo, barasa ce a ciki, ta kurɓa a gaban sarki da sarauniya ta koma fili, abin da a yau in ɗan wasa ya yi sai dai ya ji a salansa. A set na uku ta yi gaba 4-1, Dorothea ta kamo ta har ta wuce, aka kai 6-5, maki 40-15, wato saura maki ɗaya Dorothea ta ci, kuma tana da dama biyu. A ta farko Dorothea ta ɗaga ƙwallo sama, Suzanne ta miƙa hannu da ƙyar, ƙwallon ba ta ma taɓa zaren raket ba, katakon gefe ta doka, ta tafi a hankali ta faɗa bayan raga. Tsabar rabo. A ta biyu kuwa ba sa'a ba ce, ta zabga ta ta gefen layi. Daga nan ta kwashe set ɗin 9-7. Gem 44 aka buga, ba a sake wasan ƙarshe na mata mai yawan gem haka ba sai 1970, lokacin Margaret Court da Billie Jean King. Da shekara ta zagayo suka sake haɗuwa Suzanne ta yi mata 6-3, 6-0, magana ta ƙare.

Daga nan sai ɗibar kofuna, ba sai na ja ba. Wimbledon 1919, 1920, 1921, 1922, 1923, sai 1925, sau shida kenan, 1924 shawara ce ta kama ta ta janye ana tsakiyar gasa. Wasan mata bibbiyu ita da Elizabeth Ryan 'yar Amurka su ma sau shida. Gasar Olamfik ta Antwerp a 1920 zinare biyu, ɗaya ita kaɗai ɗaya da Max Decugis, da tagulla ɗaya. A Wimbledon ta 1925 gem biyar kacal aka ci ta a duk gasar, ku tuna fa gem nake cewa ba set ba. Jaridun Faransa suka raɗa mata La Divine, wato dai sun kai ta matsayin abar bauta a irin nasu zuzutawar, kuma ku tuna ƙasa ce da ta fito daga yaƙi ta binne samarinta fiye da miliyan ɗaya, tana neman abin da za ta ɗaga kai da shi. Telan Paris ɗin nan Jean Patou ya riƙa ɗinka mata kaya, tana shigowa fili da kwalliya da rigar gashi, ga wani ƙyalle mai launi da take naɗawa a ka kamar ɗankwali, nan da nan 'yan matan Landan da Paris suka ɗauka yayi.

Tabo ɗaya ne a duk shekarun nan, 1921 a Amurka. An gayyace ta ne don wasannin tara kuɗin gyara yankunan Faransa da yaƙi ya rusa, babanta bai so tafiyar ba kuma bai bi ta ba, wannan kaɗai ya isa ya rikita ta. Ta sauka daga jirgin ruwa ba ta jin daɗi, aka sa ta a gasar Amurka a Forest Hills, kuma a lokacin ba a raba manyan 'yan wasa a jadawali yadda ba za su haɗu da wuri ba, ƙuri'a ce kawai. Wadda za ta fara karawa da ita, Eleanor Goss, ta janye, sai kawai ta tsinci kanta gaban Molla Mallory, haifaffiyar Norway mai riƙe da kambun Amurka, ba tare da ta ko ɗumama jiki da wasa ɗaya ba. Molla ta ci set na farko 6-2, Suzanne tana ta tari, da aka shiga na biyu ta zubar da maki biyu sai ta nufi alƙalin wasa tana kuka ta ce ba za ta iya ci gaba ba. Jaridun Amurka suka yi mata caa, wai ta ga za ta sha kaye ne ta fake da tari. Gaskiyar magana ni ina ganin duka biyun ne, da ciwon da tsoron, don tun tana yarinya tana fama da ƙirji, kuma mutumin da aka raina a kan cewa faɗuwa abin kunya ce, ranar da ya hango ta tafe jikinsa ma sai ya ƙi. Shekara ta gaba Amurkawa suka fara tsarin raba manya a jadawali.

Ramuwar gayya kuwa ta fi ta gayya zafi, a wasan ƙarshe na Wimbledon 1922 ta yi wa Molla 6-2, 6-0 cikin ƙasa da rabin awa, a 1923 a Nice ta ƙara mata 6-0, 6-0. Wancan na Forest Hills shi ne kaɗai wasan ɗaiɗai da ta rasa tun daga ƙarshen yaƙi har ta bar gasanni, ta jera wasa fiye da 170 babu faɗuwa.

To yanzu mu zo kan kuɗi, inda gizo ke saƙar.

Tanis na wancan zamani wasan 'yan sha'awa ne a dokance, ma'ana wanda ke bugawa don nishaɗi ba don a biya shi ba. Dokar ta samo asali daga manyan Ingila, waɗanda a wajensu mutumin kirki ba ya karɓar lada don ya yi wasa, wannan aikin talaka ne. In ka ji ta sama-sama kamar tsare mutuncin wasa ake yi, amma in ka duba da kyau katanga ce, don wa zai iya barin aiki ya yi wata da watanni yana yawo daga Nice zuwa Landan yana biyan otal da jirgi in ba ɗan masu shi ba? Wanda ya ci gasa kofi ake ba shi, sai wata 'yar takardar da zai kai kanti ya karɓi kaya na ɗan wani adadi, ba tsabar kuɗi ba. Amma fa a ƙofa ana sayar da tikiti, kuma kuɗin yana shiga aljihun kulob da hukuma. Kafin Suzanne wasan mata ɗan share fage ne kafin maza su fito, da ta zo sai ya zama ita ake zuwa gani, layi tun asuba, har tsohon filin Wimbledon na Worple Road ya kasa ɗaukar jama'a, a 1922 suka koma Church Road inda suke har yau, babban filin yana cin mutum wajen dubu 14. Ba ita kaɗai ce sanadin ƙaurar ba amma tana cikin manyan dalilai. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kar kuma a ɗauka ita da babanta waliyyai ne da ba su taɓa ganin ko sisi ba. Kowa ya san akwai ta bayan fage, otal kyauta, kuɗin mota da aka kumbura, kaya daga teloli, haka manyan 'yan wasa duka suke rayuwa, hukumomi sun sani sun kawar da kai. Wato an yarda ka ci a ɓoye, ba a yarda ka ci a sarari ba, kuma na ɓoyen nan ranar da ka daina cin kofi ranar zai yanke. Ga shi kuma dukiyar Charles ta fara ja baya, lafiyarsa ma haka.

Ana cikin wannan hali aka shiga 1926. A Amurka wata yarinya ta taso, Helen Wills 'yar California, shekara 20, ta ci gasar Amurka sau uku a jere, mai ƙarfin bugu, fuskarta ba ta nuna komai ko ana ci ko ana cin ta, kishiyar Suzanne ta kowace fuska. Ta tsallako Faransa, jaridu suka yi ta zuga, aka haɗu ranar 16 ga Fabrairu a kulob ɗin Carlton da ke Cannes, wasan ƙarshe na wata 'yar ƙaramar gasa ce fa amma aka kira shi wasan ƙarni. Tikiti ya yi tsada ya ƙare, mutane suka hau bishiyoyi da rufin gidaje da tsani, masu gidajen da ke kallon filin suka riƙa sayar da wurin tsayawa a tagoginsu. Kowa ya samu, da masu kulob da masu ɗaukar hoto da 'yan caca, ban da mata biyun da aka zo kallo. Charles yana kwance ba lafiya, bai zo ba.

Suzanne ta ci set na farko 6-3. A na biyu Helen ta yi gaba 3-1, Suzanne tana ta kurɓar 'yar kwalbarta, ta lallaɓa ta kamo har ta kai 6-5, maki 40-15, saura ɗaya. Helen ta zabga wata ƙwallo can kusurwa, sai aka ji murya ta ce ta fita. Shikenan fili ya ɓarke, 'yan wasa suka zo raga suka gaisa, masu hoto suka cika wuri, ana ta shigo da furanni. Can sai ga mai kula da layin, Lord Charles Hope, yana kutsawa cikin mutane zuwa wajen alƙalin wasa, ya ce shi fa bai ce komai ba, wani ne daga 'yan kallo ya yi ihu, ƙwallo a ciki ta sauka. Aka kwashe furanni, aka kori jama'a, aka ce a ci gaba. Ka yi tunanin mutumin da ya riga ya sauke numfashi ya ce alhamdu lillahi a ce masa koma. Helen ta cinye gem ɗin aka yi 6-6. Duk wanda ya tuna Forest Hills ya ɗauka yanzu tari zai tashi, amma matar nan ta dake ta ci gem biyu a jere, 8-6, sannan ta zube tana kuka. A wajena wannan ne babban wasanta, ya fi na 1919, don a nan ba Helen kaɗai ta doke ba har da abin da ke cikin ƙirjinta. Ba su sake haɗuwa a wasan ɗaiɗai ba har abada, an sa ran za a yi a gasar Faransa ta bazarar amma afendis ya kama Helen aka yi mata tiyata a Paris, Suzanne ta ci gasar da 6-1, 6-0 a kan Mary Browne.

Sai Wimbledon ta 1926, bikin cika shekara 50, har ɗan sarki wanda daga baya ya zama George na shida ya buga wasan maza bibbiyu a shekarar. Tun farko ranta a ɓace yake don hukumar Faransa ta raba ta da Elizabeth Ryan ta ce dole ta yi wasan bibbiyu da 'yar ƙasarsu Didi Vlasto, kuma ƙuri'a ta haɗa su da Ryan ɗin tun da wuri. Sai aka canza jadawali aka cusa mata wasan ɗaiɗai gabanin wannan wasan mai wuya, saƙo bai isa gare ta a kan kari ba, ita ma ta aika a ɗaga mata saƙon bai yi aiki ba, ta iso a makare alhali Sarauniya Mary tana wurin. Jami'ai suka yi mata faɗa, ta shige ɗakin canza kaya tana kuka ta ƙi fitowa, har ɗan wasan Faransa Jean Borotra ya je rarrashi a banza. Jaridu suka buga cewa ta wulaƙanta sarauniya. 'Yan kallon da suka shekara bakwai suna yi mata tafi suka juya mata baya, ta ɗan buga wasanni kaɗan ta janye. Ba ta sake taka filin Wimbledon a matsayin 'yar gasa ba.

Daman akwai wani Ba'amurke ɗan kasuwar wasanni, C. C. Pyle, da ke ta zawarcinta, mutumin da ya yi kuɗi da ɗan ƙwallon Amurka Red Grange. Ya ajiye mata dala 50,000, ta sa hannu. Aka fara a Madison Square Garden na New York a watan Oktoba 1926 gaban mutum wajen dubu 13, aka zaga biranen Amurka da Kanada har Kyuba, abokiyar karawarta Mary Browne, wasa 38 Suzanne ta cinye duka. A nan matsalar take, wasan da an san wanda zai ci tun kafin a fara wa zai yi ta biya yana kallo? Kuma ba ta da wata abokiyar karawar, don duk gwanayen suna can ɓangaren 'yan sha'awa, wadda ta taɓa buga wasan kuɗi an kore ta. Hukumar Faransa ta haramta mata gasanni, kulob ɗin Wimbledon ya karɓe wakilcin girmamawar da ya ba ta.

Ita ma ba ta yi shiru ba, ta rubuta a takardar shirin wasannin nata cewa shekara goma sha biyu tana zakara, ta samar wa tanis miliyoyin kuɗin Faransa, ita kuma har biyan kuɗin shiga gasa take yi, ga ta da shekara 27 ba ta tara komai ba, kuma a ƙarƙashin wannan dokar mai kuɗi ne kaɗai zai iya wasa. Ka karanta hujjar nan yau ka rasa inda za ka kama ta da ƙarya, amma sai da aka ƙara shekara 42, wato 1968, kafin a buɗe manyan gasanni ga masu karɓar kuɗi. Ko a ranar ma Wimbledon fam 2,000 ta ba namiji, mace fam 750, Billie Jean King ce ta karɓa. Gasar Amurka ta daidaita kuɗin maza da mata a 1973, Wimbledon kuwa sai 2007.

Bayan yawon Amurka da wani ɗan gajere a Ingila a 1927 ta ajiye raket ɗin gasa, ta ɗan taɓa harkar kayan sawa na wasanni, a shekarun 1930 kuma ta buɗe makarantar koyar da yara tanis a Paris, wai har hukumar da ta kore ta ta zo tana mara wa makarantar baya. Ba ta yi aure ba. A tsakiyar 1938 jikinta ya rikice da ciwon jini, aka yi ta ƙara mata jini abin bai yi ba. Ranar 2 ga Yuli Helen Wills ta ci Wimbledon karo na takwas a filin nan na Church Road, kwana biyu bayan haka, 4 ga Yuli, Suzanne ta rasu a Paris tana shekara 39, aka binne ta a maƙabartar Saint-Ouen.